Ɗakin Gwajin Kimiyya A Tsakar Gidanki

Yau zancenmu a kan masu karatu daga gida ne, musamman waɗanda suka ɗauki darasin Fiziks, wato ilmin da ke bayanin motsi da nauyi da haske da zafi. Sau da yawa mace takan ajiye wannan darasi, ta ce ai ba ta da ɗakin gwaje-gwaje irin na makaranta, ga miji ga 'ya'ya. To, kada wannan ya karya miki zuciya.

A Ingila an kafa wata jami'a ta karatu daga gida a 1969, mai suna Open University. Wata mace ce ma, minista Jennie Lee, ta tsaya tsayin daka har aka kafa ta. Da ɗalibai suka fara karatu a 1971, sai aka riƙa aika wa masu kimiyya akwatin kayan gwaji har gida, suna aiki a kan teburin cin abinci, suna bin darasi a rediyo da talabijin na BBC. A Nijeriya ma an kafa irin wannan jami'a a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka sake buɗe ta a 2002.

Ko ba a aiko miki da akwati ba, ga gwajin da za ki iya yi yau. Nemi zare mai ƙarfi, da ƙusa, da notin keke ko ƙaramin kwaɗon ƙofa, da tef ɗin awon ɗinki, da agogon da ke nuna sakan. Na cikin waya ma ya isa. Kafa ƙusar a saman ƙofa, ki ɗaure zaren, ki rataya notin a ƙasa. Daga ƙusa zuwa tsakiyar notin ya zama mita 1 cif. Kin yi lilo ke nan.

Ja notin gefe kamar faɗin tafin hannu, ki sake shi, kada ki tura. Zuwa da dawowa shi ne lilo ɗaya. Ƙirga lilo 20 kina duban agogo, za ki sami kusan sakan 40. Raba da 20, kowane lilo ya ci sakan 2. Dalilin ƙirga 20 shi ne hannun mutum yakan makara wajen danna agogo, amma in an raba kuskuren gida 20 sai ya zama kaɗan.

Yanzu sai lissafi. Ninka tsawon zaren da 39.5, ki raba da lokacin lilo ɗaya sau kansa, wato 2 sau 2. Za ki sami kusan 9.9. Abin da masana suka auna kusan 9.8 ne, shi ne ma'aunin yadda ƙasa ke jawo duk abin da ya faɗo. Kin ga da zare da noti kin kusa cim musu.

Sa'an nan ki rage zaren zuwa santimita 25, za ki ga lilo ya koma sakan 1. Ki canja notin da wanda ya fi shi nauyi, tsawon zare bai sake ba, lokaci ba zai sake ba. Bature ɗan Italiya, Galileo, ya lura da halin lilo fiye da shekara 400 da suka wuce. Ke ma gani ya kori ji.

Amma ga inda gizo ke saƙa. In lissafinki ya ba ki 10.6, kada ki goge ki rubuta na littafi don malami ya yaba. Rubuta abin da kika samu, ki maimaita sau 3, ki binciki dalili. Ko iska ce ta shigo? Ko zaren ya miƙe? Ko Auta ne ya taɓa? Wannan binciken shi ne ainihin karatun, kuma shi malami ke nema a rahotonki.

Sai a kula. Kada a yi gwaji da wutar lantarkin gida, batirin tocila ya wadatar. A ɓoye ƙananan kaya kada yara su haɗiye. Gwajin da ya fi ƙarfin gida kuwa, a tambayi makaranta inda ta tanadi yin sa.

'Yan makaranta, ku riƙe wa iyayenku agogo su kuma su ƙirga. Allah ya ba da sa'a, amin.