Kaciyar mata a ƙasar Masai: inda huɗuba ta gaza, makaranta ta yi rana

Idan makarantun Kenya suka tafi dogon hutun ƙarshen shekara, akwai 'yan matan ƙabilar Masai a yankunan Kajiado da Narok da ba sa komawa gida. Sukan zauna a ɗakunan kwanan makaranta har watan Janairu, domin a lokacin hutun ne aka fi yi wa 'yan mata kaciya, wadda kuma aka yi wa, galibi aure ne ke biye, karatu ya ƙare ke nan. Wasu daga cikin waɗannan wuraren fakewa na coci ne. Ina ganin ya dace mu dubi yadda 'yan mishan suka iso nan, domin ba da wannan dabarar suka soma ba.

A shekarar 1929, a ƙasar Kikuyu da ke maƙwabtaka da Masai, Dokta John Arthur na cocin Sikotland ya buƙaci mabiyansa su sa hannu ko su dangwala yatsa a kan alkawarin barin kaciyar mata. Jama'a suka watse daga cocin, suka kafa nasu coci-coci da makarantu. A watan Janairun 1930 aka tsinci gawar wata 'yar mishan Ba'amurkiya, Hulda Stumpf, a gidanta da ke Kijabe. Jomo Kenyatta kansa, a littafinsa na 1938, ya tsaya wa al'adar. Haka abin da ake son kawarwa ya rikiɗe ya zama alamar bijire wa Turawa. A Meru ma, da aka haramta kaciyar a 1956, 'yan mata suka ɗauki reza suka yi wa junansu.

A wajen Masai maganar ta wuce yanka kawai. Suna kiran bikin emuratare, kuma shi ne iyaka tsakanin ƙuruciya da girma. Wadda ba a yi wa ba yarinya ce ko da ta yi furfura, ba mai neman aurenta, uban kuma ya rasa shanun sadaki. To mai wa'azin da ya ce wa uwa ta bari, me ya tanadar wa 'yarta? Shi ya sa binciken lafiya na Kenya na 2014 ya sami kashi 78 cikin ɗari na matan Masai da kaciya, alhali ƙasar baki ɗaya kashi 21 ce. Doka kuwa akwai ta: ta kare yara tun 2001, da ta haramta kaciyar kacokan a 2011. Duk da haka, a 2014 ɗin ne matan Masai suka yi gangami a Kajiado suna neman a bar su da abarsu. Mata ne, ba maza ba, kuma wannan ya kamata ya sa mai saurin yanke hukunci ya dakata.

Abin da ya yi tasiri ya fi huɗuba tsada. A makarantar 'yan mata ta cocin AIC da ke Kajiado, tsohuwar shugabarta Priscilla Nangurai, wadda ita ma 'yar Masai ce, ta shekara da shekaru tana karɓar yaran da suka gudo, tana ba su gado da littafi. A Monduli ta Tanzaniya, cocin Lutheran ya buɗe sakandaren 'yan matan Masai a 1995. Sai dai mafaka ma tana da nata ciwon. Yarinyar da ta gudo ta tsira da jikinta, amma ta rasa gida, wani lokaci uba ya yi mata baki. Don haka aikin da ya fi wuya shi ne sulhu: a tafi rugar da dattawa, a zauna da uban, har ya yarda ta dawo ba tare da wuƙa ba.

Ni dai na fi ganin hikimar Nice Leng'ete, wadda ta tsere wa kaciya tana 'yar shekara takwas. Ba coci ta wakilta ba, da ƙungiyar lafiya ta Amref ta yi aiki. Ta bi dattawa, sannan ta bi samarin da ake kira moran, domin su ne za su yi aure. Aka bar bikin da rawarsa da adonsa da albarkar dattawa, aka cire yankan kaɗai. Da saurayi ya ce zai auri wadda ba a yanka ba, babbar hujjar uwa ta faɗi.

Ba na rubuta wannan da ɗaga kai ba, don mu ma muna da yankan gishiri da cire angurya a hannun wanzamai. Kenya dai ta sauko zuwa kashi 15 a binciken 2022, shekarar da Uhuru Kenyatta, ɗan Jomo, ya ɗiba a matsayin wa'adin ganin bayan al'adar. Ba a gani ba tukuna. Wasu iyayen yanzu sukan tsallaka iyakar Tanzaniya da 'ya'yansu, wasu kuma sukan yi abin cikin dare ba kiɗa ba biki, yarinyar tana ƙarama, tun kafin ta san hanyar makarantar da za ta gudu.