Gaskiya ko Jita-jita: Shin da Gaske Hali Zanen Dutse Ne?

Wata 'yar maƙwabtanmu, ba ta wuce shekara bakwai ba, na miƙa mata littafi na ce ta karanto mini layi ɗaya. Ko buɗewa ba ta yi ba ta ce, "Baba, ni ai daƙiƙiya ce." Ba kuka, ba fushi, kamar mai faɗin sunanta. Tun ranar maganar take cina a rai: wa ya faɗa mata, kuma tun yaushe ta yarda?

Mukan ce ƙaramin yaro bai san kansa ba, don haka duk abin da aka faɗa a gabansa iska ce. Jita-jita ce. A 1972 wata mai bincike a Amurka, Beulah Amsterdam, ta riƙa ɗiga wa yara jan kwalliya a gefen hanci tana ajiye su gaban madubi. 'Yan shekara ɗaya sai su yi ta wasa da "yaron cikin madubi". Amma tsakanin wata 18 da 24, yara kan fara kai hannu ga nasu hancin. Sun gane su ne ke nan.

Daga nan ginin sanin kai yake tashi. Ɗan shekara huɗu zai ce maka ya fi kowa gudu a unguwa, kuma har zuciyarsa haka ne. Wajen shekara bakwai zuwa takwas sai ya fara awon kansa da tsararsa: wa ya zo na ɗaya, wa malam yake kira ya goge allo, wa ake yi wa dariya. Tun 1902 Charles Cooley ya ce mutanen da ke kewaye da mu su ne madubin da muke ganin kanmu a ciki. Yarinyar nan a madubin gidansu ta ga daƙiƙiya.

To, hali zanen dutse fa? Ba mu kaɗai muka faɗa ba. William James ya rubuta a 1890 cewa yawancin mutane halinsu kan daskare kamar filasta da sun kai talatin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin yaro mai kunya sau da yawa yakan girma ya fi tsararsa kunya. Sai dai a 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka tattara bincike 92 da suka bi mutane shekara da shekaru, suka ga hali bai daina sauyawa ba, kuma sauyin ya fi ƙarfi tsakanin shekara 20 da 40. Wani nazarin na Ulrich Orth a 2018 ya nuna darajar da mutum ke ba kansa tana ta hauhawa har wajen shekara 60. Hukunci: rabi gaskiya, rabi jita-jita.

Sai masu cewa magani shi ne a yi ta yabon yaro. Ya danganta da irin yabon. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada 'yan firamare. Wasu aka yaba kaifin ƙwaƙwalwarsu, wasu aka yaba himmarsu. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, 'yan rukunin farko suka karaya, ƙwazonsu ya ja baya, na biyun kuwa suka dage. Abin da ke burge ni, Bahaushe ya riga ya tanadi kalmar: ɗalibin da ya yi fice "mai ƙoƙari" muke ce masa. Mun ɗora abin a kan aiki, ba a kan halitta ba.

Iyaye da malamai, don Allah, in yaro ya kawo sakamako maras kyau, ku faɗa masa darasin da ya faɗi da yadda zai gyara. Ku bar kiransa daƙiƙi, yana ji kuma yana riƙewa.