Amalanken Watsa Takin Doki

Babban doki mai nauyin kilo 450 yana fitar da kashi da fitsari kamar kilo 22 a rana ɗaya. A shekara, wannan ya haura tan 8. Mai barga da dawaki biyar ba ya rabuwa da juji. In ya bar shi a bakin barga, sai ƙuda da wari, ga ruwan sama yana wanke amfanin takin ya tafi da shi.

A Amurka da Ingila masu dawaki da yawa suna amfani da wani amalanke da ake kira mai watsa taki. Akwati ne na ƙarfe ko katako a kan taya biyu. Ana ɗaura shi a bayan ƙaramar tarakta ko babur mai taya huɗu. Wasu manoma a Amurka har yanzu dawaki suke sa wa su ja shi.

Ƙananan irinsa ba su da inji. Tayarsa ce take yin aikin. Idan taya ta juya, sai ta juya wata sarƙa da ke shimfiɗe a ƙasan akwatin. Sarƙar tana ɗauke da sanduna a gicciye. Su ne suke tura takin baya a hankali. A can baya akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke juyawa da sauri. Shi yake farfasa curin taki, ya watsa shi a ƙasa. Idan amalanke ya tsaya, aiki ya tsaya. Akwai maɗauri da ake ja don a raba sarƙa da taya, yadda taki ba zai zube a hanya ba kafin a isa fili.

Wani malamin makaranta mai suna Joseph Oppenheim, a jihar Ohio ta Amurka, ya inganta wannan amalanke a 1899. Ya ga manyan ɗalibansa suna fashin makaranta saboda aikin watsa taki da hannu. Ya ƙera fukafukai a baya masu watsa taki da faɗi, ba a layi ɗaya kawai ba.

Amfanin amalanken shi ne yana shimfiɗa taki daidai wa daida, ba kauri. Taki marar kauri yana saurin bushewa, ƙuda ba ya samun wurin yin ƙwai. Tsibin taki kuwa yana danne ciyawar da ke ƙarƙashinsa.

Amma akwai abin da amalanken ba ya iyawa. Ba ya kashe tsutsar ciki. Ɗanyen kashin doki yana ɗauke da ƙwan tsutsa. Idan aka watsa shi a filin da dawaki ke kiwo, ƙwan zai ƙyanƙyashe, tsutsa ta hau ciyawa, doki ya ci. Ka ga an raba cutar doki ɗaya ga duk barga. Doki da kansa yakan ƙi cin ciyawar da ke kusa da kashinsa. Mai watsa ɗanyen kashi ko'ina ya hana shi wannan zaɓin. Wannan kuskure ne mai tsada, domin doki mai tsutsa yana ramewa, yana ciwon ciki, wani ma ya mutu.

Maganin shi ne a bar taki ya ruɓe tukuna. A tara shi tsibi mai tsayi kamar ƙugun mutum. A yayyafa ruwa ya yi danshi, kada ya jiƙe sharkaf. A riƙa juya shi da shebur bayan mako ɗaya ko biyu don iska ta shiga. Cikin tsibin zai yi zafi sosai, har ya wuce digiri 55. Zafin nan ne yake kashe ƙwan tsutsa da irin ciyawa. Bayan wata biyu zuwa huɗu, taki zai yi baƙi, ya daina wari. Idan kashin ya cakuɗe da garin katako da aka shimfiɗa wa doki, ruɓarwa ta zama dole, in ba haka ba shuka za ta yi rawaya.

Kafin a loda, a tsince duwatsu da igiya da leda, domin suna sarƙe haƙoran. A fara lodi daga gaba zuwa baya. Kada yaro ya tsaya a baya lokacin aiki, saboda tsakuwa tana fallatsa. Bayan aiki a wanke, a sa wa sarƙa mai, don taki yana cin ƙarfe.

A ƙasar Hausa yawancin dawaki a turke suke, ba a sake su cikin shinge. Takin bargar sarakuna da na 'yan folo gona yake tafiya. A kewayen Kano, da rani, ana ɗaukar taki a mangala bisa jaki ko a amalanken shanu, a zuba tsibi-tsibi, a baza kafin shuka. Gonar gero da dawa ba ta damu da tsutsar doki ba. Amma fadamar da ake yanko wa doki ciyawa, da lambun latas da kabeji, ruɓaɓɓen taki kaɗai ya dace da su.