Gyaran Jirgin Sama: Na Wanda Ya Hau Ne, Ko Na Wanda Ya Biya?

Babu ɗan kasuwar da bai san gyara ba. Mai awo takan cika mudu ta tula, sa'an nan ta ɗebo da hannu ta ƙara. Mai goro yakan ƙirga ƙwarya, ya jefa biyu ko uku a kai. Ba domin dukiya ta yi masa yawa yake yin haka ba, sai domin gobe mai saye ya wuce rumfar maƙwabci ya dawo tasa. To, kamfanonin jiragen sama ma suna da irin nasu gyaran, har ma sun fi kowa gwaninta da shi. Sai dai nasu akwai lauje cikin naɗi, domin sau da yawa ba wanda ya fitar da kuɗin tikiti suke ba, sai wanda aka aika. Wannan ne ya sa maganar ta wuce ta ciniki kaɗai, ta shiga babin amana.

Asalin al'amarin

A ƙasar Amurka abin ya tsiro. Tun daga 1938 akwai wata hukuma ta gwamnati wadda ita ke yanka kuɗin tikiti, ita ke faɗin hanyar da kowane kamfani zai bi. Kamfani ba shi da ikon karya farashi yadda ya so domin ya ja fasinja, saboda haka gasa ta koma ga daɗin abinci da fara'ar ma'aikata. A cikin 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka wadda ta kwance wannan dabaibayi. Kowane kamfani ya sami ikon sa kuɗinsa, sababbin kamfanoni masu arha suka ɓullo, tsofaffi kuwa suka ga lalle in ba su yi dabara ba kasuwa za ta kuɓuce musu.

Da suka duba littattafansu sai suka ga fasinja iri biyu ne. Akwai mai zuwa ziyara ko hutu, wanda da kuɗin aljihunsa yake tafiya. Shi wannan yana neman arha ko'ina take, in tikiti ya yi tsada ya fasa, ko ya jira wata mai zuwa. Akwai kuma wanda ma'aikatarsa ta aika, zai je taro ko ƙulla ciniki. Shi ba ya iya ɗaga rana, yakan sayi tikiti ana gobe tafiya, ba ya tayawa, domin kuɗin ba nasa ba ne. Irin waɗannan ba su kai na farko yawa ba, amma a kansu ribar kamfani ta rataya, tun da yake mutum ɗaya daga cikinsu yana iya hawa jirgi sau da yawa a wata guda, kowane hawa kuma da cikakken kuɗi.

Dabarar farko ita ce a raba waɗannan biyu, kada mai aiki ya ci arhar da aka tanadar wa mai ziyara. Tun 1977 kamfanin American Airlines ya fito da tikiti mai rahusa, amma da sharaɗin a saya tun da sauran makonni, kuma a daɗe a can kafin a komo. Daga baya sharaɗin da ya fi yaɗuwa shi ne sai mutum ya kwana daren Asabar a inda ya je. Hikimar abin a fili take. Mai ziyara bai damu da kwanan Asabar ba, amma ma'aikaci yana so ya gama aiki ran Juma'a ya koma wurin iyalinsa. Ta haka mutum biyu suke zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya.

Dabara ta biyu ita ce a ware musu wurin zama. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni irin su Pan Am da British Airways da Qantas suka buɗe wani aji tsakanin na ɗaya da na talakawa, aka kira shi ajin 'yan kasuwa. Yana da faɗin kujera da abinci mai kyau, kuma sunansa ba ya sa akawun ma'aikata ya ɗaure fuska kamar yadda sunan aji na ɗaya yake sa shi. A 2000 British Airways ya sa kujerar da ake miƙewa ta zama gado a wannan aji, saura suka bi sahu.

Lissafin mil

Dabara ta uku ita ce ta fi duka ƙarfi. Ran 1 ga Mayu, 1981, American Airlines, a ƙarƙashin shugabansa Robert Crandall, ya fito da wani shiri mai suna AAdvantage. Kamfanin yana da kwamfutar ajiye sunayen masu sayen tikiti, da ita ya tsamo waɗanda suka fi yawan tafiya ya shigar da su. Ƙa'idar ba ta da wuya: kowane mil da mutum ya yi a jirginsu a rubuta masa, in ya taru a ba shi tikiti kyauta, ko a ɗaga shi daga kujerar baya zuwa ta gaba. Ba a yi kwanaki ba United ya fito da nasa, Delta ma ya bi baya a cikin shekarar.

Mai karatu ya lura da inda gizo yake saƙa. Kujerar da aka bayar kyauta, galibi da ma da ita jirgi zai tashi babu kowa a kanta, saboda haka kamfani bai yi hasarar a zo a gani ba. Abin da ya samu kuwa babba ne, domin ma'aikaci ya daina tambayar wane jirgi ya fi arha, ya koma tambayar wane jirgi ne nasa. Ma'aikata ce ke biya, amma sunan ma'aikaci ake rubutawa, shi zai kai iyalinsa hutu da abin da ya taru. Sa'an nan aka yi darajoji, wannan azurfa, wancan zinariya. Mai daraja ba ya bin layi, yana da ɗakin hutawa a filin jirgi, ana ƙara masa nauyin kaya. Darajar kuwa shekara-shekara ake sabunta ta, har ya zama akwai masu hawa jirgi a ƙarshen shekara ba da wata bukata ba, sai domin kada ta faɗi.

A 2015 Delta da United suka sake ƙa'ida, American ya bi su a 2016. Suka daina auna nisan tafiya, suka koma auna kuɗin da aka biya. Watau wanda ya sayi tikiti mai tsada shi ke da babban rabo, ko da tafiyarsa gajeruwa ce. Da wannan sai kwaɗayin ɗan aike da amfanin wanda ya aike shi suka ƙara yin hannun riga.

In gyara ya fi awo

Ba kullum dabara take yi wa mai ita daɗi ba. A cikin 1981 ɗin nan American Airlines yana neman kuɗi ido rufe, bashin banki kuwa ya yi tsada, sai ya sayar wa attajirai wani tikiti na dala 250,000, wanda mai shi zai hau aji na ɗaya zuwa duk inda jirginsu yake zuwa, sau nawa ya ga dama, har iyakar ransa. In ya ƙara dala 150,000 yana iya tafiya da aboki. Kamfani ya zaci masu saye za su yi tafiya daidai wa daida. Ashe akwai wanda zai hau fiye da sau 10,000. Aka yi ta ƙara kuɗin tikitin, har aka daina sayar da shi a 1994. Da aka zauna aka yi lissafi, sai aka ga wasu biyu kowannensu yana cin wa kamfani abin da ya kai dala miliyan 1 a shekara. A 2008 aka soke nasu bisa zargin sun saɓa sharaɗi, magana ta kai gaban alƙali.

Amma wannan tuntuɓe ne kawai. Shirin tara mil shi kansa ya zama rijiyar kuɗi. Tun 1987 bankin Citibank ya fara ba da katin saye wanda yake tara wa mai shi mil na American. Banki yana sayen mil daga kamfanin jirgi da tsabar kuɗi, ya raba wa masu katinsa, alhali mil ɗin kamfani ne yake ƙago shi da alƙalaminsa, shi ne kuma yake faɗin abin da zai iya saye. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, United ya jinginar da shirinsa na mil ya ci bashin dala biliyan 6.8. An ƙiyasta darajar shirin kusan dala biliyan 22, fiye da darajar dukan kamfanin a kasuwar hannun jari a wannan lokaci. Delta ya ci biliyan 9 ta wannan hanya, American ya ci biliyan 10 a 2021. Abin da ake jinginarwa a karɓi irin wannan dukiya, lalle ba kyauta ba ce, haja ce.

Ya kamata kuma a sani cewa linzamin yana hannun kamfani. Cikin sharuɗɗan da mutum yake yarda da su ran da ya shiga, kamfani yakan riƙe ikon sake ƙa'ida, ko ƙara yawan mil da ake bukata, ko korar wanda ya ga ya saɓa. Saboda haka mai tara mil yana tara abin da wani ne yake sa masa daraja, kuma yana iya rage ta dare ɗaya.

Na wane ne?

Ƙasashe sun saɓa a kan wannan mas'ala. A Jamus, majalisar dokoki tana da ƙa'ida cewa mil ɗin da wakili ya tara a tafiyar aiki, a tafiyar aiki za a kashe shi. A 2002 jaridu suka tona cewa wasu wakilai sun yi tafiyar kansu da ta iyalansu da mil ɗin kamfanin Lufthansa da suka samu a bakin aiki. Abin ya tayar da ƙura, har Gregor Gysi, wanda yake riƙe da sha'anin tattalin arzikin birnin Berlin, ya ajiye muƙaminsa. A 2006 kuma babbar kotun ma'aikata ta ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar wani manaja da ya tara mil 350,000. Ta ce ma'aikatarsa tana da ikon hana shi cin su don kansa, bisa hujjar cewa duk abin da wakili ya samu ta dalilin aikin da aka ba shi, na wanda ya wakilta shi ne.

Amurka kuwa ta bi wata hanya. A ƙarshen 2001 aka yi doka wadda ta yarje wa ma'aikatan gwamnati su riƙe mil ɗinsu, a 2002 hukumar haraji ta ce ba za ta bi mutane da haraji a kansa ba. Ma'aikatu da yawa a can suna ganin abin a matsayin ladan wahalar hanya da rabuwa da iyali. Amma abin lura shi ne, mai dukiya ne ya sani ya bari, ba ɗan aike ne ya ɗauka a ɓoye ba.

Malamai sun san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda yake cikin Buhari da Muslim. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kashi da sunan kyauta ce aka yi masa, aka tsawatar a kan haka bisa mumbari, domin aikin da aka ɗora masa shi ne ya jawo kyautar. Abin da alƙalan Jamus suka kafa hujja da shi bai yi nisa da wannan ba. Wanda kuwa ubangidansa ya sani ya yafe masa da daɗin rai, wannan wani babi ne dabam.

Abin da ya shafi fatake

Fataucin yau a sama ake yin sa. Daga Kano 'yan kasuwar Kantin Kwari da sauransu suna zuwa Dubai da Guangzhou da Istanbul da Alƙahira, wani da ƙafarsa, wani ya aiki yaronsa. Kowane babban kamfani da suke hawa yana da irin wannan shiri: Ethiopian Airlines yana da ShebaMiles, Emirates yana da Skywards. Ga falke, abin da ya fi amfani a ciki ba tikitin hutu ba ne, ƙarin nauyin kaya ne, domin kilo a filin jirgi kuɗi ne. Ethiopian da EgyptAir da Turkish Airlines duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, kuma mai darajar zinariya a ɗaya yakan sami ƙarin kaya a sauran.

Saboda haka ba a ce a guji gyaran ba, sai dai a ci shi da ido buɗe. Misali, alhaji ya aiki yaronsa Sin, ga tikiti biyu, ɗaya ya fi ɗaya da dala 200. In yaro ya zaɓi mai tsada domin katinsa na can ne, bai gaya wa alhaji ba, to ya sayi darajarsa da kuɗin uban gidansa. In kuwa ƙarin kayan da katin zai ba shi ya fi dala 200 daraja, kuma ya faɗa aka yarda, kowa ya ci riba. Bambancin kawai lissafi ne da faɗin gaskiya.

Mai aike ya yi magana tun kafin a yanki tikiti, ya ce mil na yaro ne ko na shago ne, kada a bar abin ga zato. Wasu kamfanoni ma suna da shiri na musamman wanda ake rubuta maki da sunan shago, kamar BlueBiz na Air France da KLM, da Business Rewards na Emirates. Sa'an nan a fara duba kuɗin tikiti da nauyin kayan da aka yarda da lokacin isa, mil ya zo daga baya. Abin da ya taru kuma a kashe shi da wuri, domin ba zinariya ba ne da za a binne, alkawari ne na wanda yake da ikon sake magana.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su da amanarsu a cike.