Fizibil Mai Gadi Ne: Kada Mu Ɗaure Shi Da Waya

Idan watan Afrilu ya kama a Maraɗi, zafi yakan wuce digiri 40. A lokacin nan ne injinan lantarki suka fi shan wahala: kilim mai sanyaya ɗaki a unguwar Zariya, firjin ajiye magani a Tibiri, da famfon ban ruwa a gandun noman rani na Jiratawa. Dukansu abu guda ke aiki a cikinsu, wato inji mai naɗin wayar jan ƙarfe. Idan wuta ta bi wayar nan fiye da kima, sai ta yi zafi, rufinta ya narke, injin ya ƙone.

Me ke sa inji ya ja wuta fiye da ƙarfinsa? Da farko, sa'ad da yake tashi yakan ja ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci yana cikin aiki, amma na ɗan lokaci kaɗan. Haɗari yana zuwa ne idan abin ya daɗe: ƙarfin wuta ya sauka ƙasa da bolt 220 da NIGELEC ke bayarwa, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar kilim, ko rairayi ya riƙe famfo. Babban inji mai layi uku kuma, idan layi ɗaya ya yanke, sauran biyun ne ke ɗaukar nauyin duka.

Don haka aka sa masu gadi. Fizibil siririyar waya ce wadda take narkewa kafin ɓarna ta kai ga inji. Disjanktar yana kashe kansa, a sake tada shi. Akwai kuma na'urar jin zafi da take tsai da inji idan kaya suka yi masa yawa. Sababbin kilim suna da kariya a cikin allon lantarkinsu, suna tsayawa su nuna lamba.

Wata rana ina rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci, wani manomi ya nuna mini injinsa ƙonanne. Sau uku fizibil ya yanke, sai ya gaji ya ɗaure wurin da waya mai kauri. Kafin a gyara injin, albasarsa ta bushe. Ya guji kuɗin fizibil, ya biya na naɗi, ya rasa amfanin gona. Haka ma allurar rigakafi: tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, firji ya mutu, allurar yaranmu ta lalace.

Ga abin da ya kamata mu kiyaye:

1. Ku karanta farantin da ke jikin inji. Lambar da harafin A ke biye da ita, ita ce yawan wutar da yake ci. Ku nuna wa mai gyara kafin a sayi fizibil.
2. Idan fizibil ya yanke, a canza shi da irinsa daidai.
3. Idan disjanktar ya faɗi sau biyu, ku daina tada shi, ku kira gwani.
4. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, ku jira minti 5 kafin ku kunna kilim ko firji.
5. Ku wanke matatar kilim a kai a kai, kuma kada ku taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu.

Ƴan uwa, rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya sa albarka a nomanmu, ya ba mu lafiya.