Mai Kula da Ɗakin Karatu da Kayan Aikinsa

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan ƙungiyoyinmu an sha tambayarmu, don me yaron da ya tafi koyon aikin kula da ɗakin karatu na makaranta, watau laburare, yake komowa da zancen majigi da kwamfuta da ɗaukar murya? Ashe ba jera littattafai aka aike shi koyo ba? Bari mu yi bayani.

Tun 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take koyar da aikin laburare. A kwalejojin horon malamai kuma, irin na Maru da Gusau, akwai darasin sarrafa kayan koyarwa. Abin da ɗalibi yake koya ya kasu huɗu. Na fari, aikin hannu: ya iya zana babban hoto a kwali, wanda na bayan aji ma zai gane. Na biyu, na'urori: ya iya kunna majigi, ya ɗauki murya da hoto a waya, ya adana su a kwamfuta yadda za a same su da sauƙi. Na uku, kiyaye kayan daga ƙurar hunturu da gara da zafi, da yi musu caji da hasken rana, gama yawancin ƙauyukanmu ba lantarki. Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne ya san rarrabe sahihin bayani da jita-jita kafin ya miƙa wa jama'a.

Me ya haɗa wannan da manomi? Mu tuna da abin da ya same mu a 2010. A Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, an riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana daka su, ana niƙa su. Ashe akwai dalma a ciki. Yara suka shaƙi ƙurar, suka haɗiye ta da abinci, suka shiga suma da jijjiga. Kimanin yara 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar waɗanda suka kamu, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai 2013 aka share ta. Talauci da tsadar zinariya ne suka kai mutane rami, gaskiya ne. Amma iyaye da yawa ba su san ƙurar nan tana kisa ba, alhali likitoci sun daɗe da sanin illar dalma, tana rubuce a littattafai da Turanci.

Nan amfanin mai laburare yake. Shi ne zai ɗauko ilimin da ke kwance a takarda, ya mai da shi hoto da murya cikin Hausa, har wadda ba ta yi boko ba ta ji ta gane. Haka zai yi da takardun da cibiyar wayar da kan manoma ta Samaru take bugawa a kan iri da taki da maganin ƙwari, masu amfani ga masu noman fadama a Gummi. Inda rashin tsaro ya hana malamin gona zuwa, muryar da aka ɗauka tana iya tafiya daga waya zuwa waya.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta yi abu uku. Ta zaɓi saurayi ko budurwa mai natsuwa, ta taimaka da kuɗin karatunsa daga asusun kaka. Ta tanadi akwatin ƙarfe mai makulli da ƙaramin faifan sola. Kana ta shirya da hedimasta domin ɗakin ya zama a buɗe ga kowa da yamma, Kirista da Musulmi, maza da mata, gama gubar nan ba ta tambayi addinin kowa ba.

Ubangiji ya ba mu hikimar kiwon 'ya'yan da ya danƙa mana. Amin.