Yadda Ake Zaɓen Sandar Fatsa da Ƙugiya

Ƴan'uwa manoma, idan an kai amfanin gona rumbu, aikin ruwa ya samu. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarunfa da Tibiri da Gidan Rumji. A damina kawai yake gudu. In ruwa ya janye, sai ya bar tafkuna da kududdufai, wasunsu da kifi a ciki. Haka ma wasu fadamun ƙasar Agye da Gazawa suke riƙe ruwa bayan damina. Magidanci mai fatsa yana iya samun na miya, har ya kai saura kasuwa. Amma wanda ya sayi kayan da ba su dace ba ya yi hasarar kuɗinsa da yininsa.

Fara da sanin kifin

Kafin ka sayi kome, ka tambayi masuntan wurin irin kifin da ke cikin ruwan. Karfasa tana da ƙaramin baki, tana cin abinci da rana. Tarwaɗa tana da faɗin baki da ƙarfi, ta fi kiwo da dare a ƙasan ruwa. Saboda haka kayan kamun ɗaya ba su yi wa ɗaya.

Sanda

Don karfasa, gora marar nauyi mai tsawon mita 2 zuwa 3 ta isa. Hannu ɗaya yake riƙe ta. Don tarwaɗa kuwa, a nemi mai kaurin gindi, mai tsawon mita 3 zuwa 4, wadda za a riƙe da hannu biyu. Doguwar sanda tana kai ƙugiya bayan ciyawa, mutum yana tsaye a gaɓa. Dabarar nan tsohuwa ce har a ƙasashen Turawa. Masuntan kogin Spey na ƙasar Sikotlan sun yi suna da sandar hannu biyu, wadda takan kai mita 4.

Ka gwada gora kafin ka biya. Ka kama gindinta, ka girgiza. In kanta ya lanƙwasa ya komo daidai, tana da kyau. In ka ga tsaga ko hujin ƙwaro, ka bar ta. Araha ba ta ado.

Zare da ƙugiya

Zaren karfasa siriri ne, ƙugiyarta ƙarama, abincinta tana. Tarwaɗa tana son zare mai kauri da babbar ƙugiya, da tana ko hanjin kaza. Guntun karan dawa ya isa ya nuna maka lokacin da kifi ya ja. In kana son ƙugiya ta nutse, ka ɗaura tsakuwa. Masu sa dalma kada su matse ta da haƙori, kada kuma su bar ta inda yara suke wasa. Dalma guba ce. A shekarar 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Kula da lafiyarka

Babban amfanin doguwar sanda shi ne ba sai ka shiga ruwa ba. A ruwan da ke kwance ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi, ta shiga ta fata. Alamarta fitsarin jini. Wanda ya ga haka ya tafi gidan likita, akwai maganinta. In ƙugiya ko ƙayar tarwaɗa ta soke ka, ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka je a duba ka, a yi maka allurar rigakafin tetanus in da bukata.

A bar na baɗi

Uwar karfasa a baki take renon ƙwanta. In ka kama ƙaramin kifi, ka mai da shi ruwa ya girma. Kada a zuba guba a tafki, kada a yi su da gidan sauro, domin yana kwashe har ƴaƴan kifi. Kafin ka fara, ka gaida Sarkin Ruwa, ka kuma tambayi ma'aikatan gandun daji batun takardar izini da lokacin da ake buɗe tafki.

Allah ya ba mai nema sa'a, amin.